Waiwaye: dam ɗin Rusairis da mutanen bakin kogi

Damazin da Rusairis garuruwa ne biyu masu kallon juna a gaɓar Nilul Azraƙ, kudu maso gabashin Sudan. Kusan duk wani babban kuɗin gwamnati da ya taɓa sauka a yankin, dam ne ya jawo shi.

Hausawa sun riga dam ɗin zuwa. Bayan yaƙin Burmi na 1903, Mai Wurno ɗan Sarkin Musulmi Attahiru ya yi gabas da jama'arsa, ya kafa garin da ake kira da sunansa kusa da Sinnar. Daga nan ne, da kuma ayarin alhazan da suka yada zango ba su tashi ba, ƙauyuka suka yi ta bazuwa kudu, bin kogi. Sana'arsu kamun kifi ce da noman bakin ruwa, wanda a nan ake ce wa juruf: da zarar ambaliya ta janye bayan damina, sai manomi ya bi laka tun tana danshi da sandar shuka, ya zuba masara, wake, kuɓewa da kabewa, ba taki ba ban-ruwa.

A 1959 Sudan da Masar suka raba ruwan Nilu, Sudan ta samu kubik mita biliyan 18.5 a shekara. Sai ta nemi wurin ajiya. Da bashin Bankin Duniya da na Jamus ta Yamma aka gina dam ɗin Rusairis, aka kammala a 1966, injinan lantarki suka fara aiki a 1971. Ruwan ya tafi gonakin Jazira da Manakil, wutar kuma ta nufi Hartum.

Zagaye na biyu ya fi taɓa jama'a. Laka ta cinye kaso mai yawa na tafkin, don haka a 2008 gwamnatin Umar al-Bashir ta fara ɗaga katangar da mita 10. Kuɗin sun fito ne daga asusun Larabawa, irin na Kuwaiti, Saudiyya da Abu Dabi, da Bankin Raya Ƙasashen Musulmi, kamfanonin Sin suka yi ginin. A Janairun 2013 aka buɗe, tafkin ya tashi daga kubik mita biliyan 3 zuwa sama da biliyan 7. A lokacin ma yaƙi na ci tsakanin gwamnati da 'yan tawaye a jihar Nilul Azraƙ, tun Satumbar 2011.

Ruwan da ya ƙaru ya shanye ƙauyuka da gonaki. An kwashe iyalai kimanin 20,000 zuwa sababbin matsugunai 12, gidaje a jere, kuma aka sa wa garuruwan lambobi maimakon suna. Gida kam an bayar. Amma mai juruf da aka kai tudu ya rasa abin da yake ci da shi, kuma ƙabilun da a da kowa ke ƙauyensa sai suka wayi gari katanga ɗaya. Tambayar wa ke da ƙasa, wa ke baƙo, kasafin aikin bai taɓa ta ba. A ganina nan ne aka bar baya da ƙura.

A 2022 batun ya fashe. Hausawa sun nemi masarautar gargajiya tasu a jihar, wasu shugabannin ƙabilun yankin suka ce sarauta sai mai ƙasa. Rikicin Yuli ya ci rayuka fiye da 100, ya kori dubbai daga Rusairis da kewaye. Na Oktoba ya fi muni, kuma a Wad al-Mahi aka yi shi, yankin da wasu daga cikin waɗancan matsugunai suke. Ba dam ne kaɗai sanadi ba, siyasar bayan yarjejeniyar sulhu ta Juba da gwamnati ta ƙulla da 'yan tawaye a 2020 ta zuba nata man.

Yanzu kuma ga madatsar Habasha a sama, wadda aka fara tara wa ruwa a 2020, aka ƙaddamar a Satumbar 2025. Tana daidaita gudun kogin, abin da masu lantarki ke so, amma tana riƙe laka tana rage ambaliyar shekara, wato abubuwa biyun da juruf ya dogara da su. Yaƙin da ya ɓarke tsakanin sojojin Sudan da dakarun RSF a Afrilun 2023 kuwa ya janye hankalin gwamnati da aljihunta daga duk wani aikin gyaran gaɓa.