Bindiga mai sakata

Bindiga mai sakata doguwar bindiga ce wadda ake buɗe gindin bututunta, a ɗura harsashi, a kuma kulle shi da wani sandan ƙarfe mai mariƙi da maharbi ke sarrafawa da hannu. Sunan ya samo asali ne daga kamar da ƙarfen ya yi da sakatar ƙofa: ana ɗaga mariƙin sama, a ja shi baya ya fito da kwanson da aka harba, a tura shi gaba ya ɗauko sabon harsashi, sannan a danna shi ƙasa ya kulle. Duk harbi ɗaya sai an maimaita wannan, abin da ya sa ba ta kai bindigogi masu sarrafa kansu sauri ba. Amma da yake babu abin da ke motsi a cikinta lokacin da harsashi ke fita, ita ce aka fi amincewa da ita wajen farautar manyan namun daji da gasar harbi daga nesa.

Tarihi

Galibi ana danganta farkonta da Johann Nikolaus von Dreyse, wani maƙerin Jamus da ya ƙera bindiga mai allura a shekarun 1830. Sojojin Furusiya, wata masarautar Jamus ta wancan zamani, sun karɓe ta wajen 1841, kuma ta yi suna a yaƙinsu da Ostiriya na 1866, inda sojan Furusiya ke iya ɗuri yana kwance a ƙasa, alhali abokin gabansa sai ya miƙe tsaye ya tura albarushi ta bakin bindiga. A wannan shekarar Faransa ta fito da tata, ƙirar Chassepot. 'Yan'uwa biyu, Paul da Wilhelm Mauser, su suka ƙera samfurin 1871 mai amfani da kwanson ƙarfe, wanda sabuwar daular Jamus ta ɗauka.

Babban sauyi ya zo ne da albarushi marar hayaƙi, wanda Paul Vieille ya haɗa a Faransa a 1884. Bindigar Lebel ta 1886 ce ta fara amfani da shi a hannun soja, kuma da yake ya fi baƙin albarushi ƙarfi nesa ba kusa ba, sai aka rage kaurin harsashi, gudunsa ya ƙaru, zangon da yake ci ya ninka. Cikin 'yan shekaru manyan ƙasashe suka bi sahu: Rasha da Mosin-Nagant a 1891, Birtaniya da Lee-Enfield a 1895. Sai kuma Mauser ya fitar da samfurin 1898, wanda har yau masana ke ɗauka a matsayin ma'auni. Sakatarsa na da haƙora biyu a gaba da ke shiga cikin ƙarfen bindigar su kulle, da na uku a baya don ko-ta-kwana, da wani dogon farce da ke riƙe gindin kwanso tun daga fitowarsa gidan harsashi har zuwa jefar da shi. Amurka ta kwaikwayi tsarin a bindigarta ta Springfield ta 1903, har ta kai ga biyan kamfanin Mauser kuɗin haƙƙin ƙira.

A ƙasar Hausa an fi saninta ta hannun soja da 'yan sanda. Lee-Enfield mai cin harsashi 10 ita ce sojojin Najeriya suka riƙe a yaƙin ƙasar Bama (Burma) lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, cikinsu har da Kanawa da yawa, kuma ta daɗe a kafaɗar 'yan sanda bayan samun 'yancin kai. Mafarautan gargajiya kuwa ba su rabu da harba-ka-ruga ta maƙera ba, wadda ake ɗura wa albarushi da ɓaraguzan ƙarfe ta baki.

Bayan da sojoji suka koma ga bindigogi masu sarrafa kansu, sai mai sakata ta zama ta mafarauta da gwanayen saiti. Winchester Model 70 ta fito a 1936, Remington 700 kuma a 1962. Ta biyun ta yaɗu ƙwarai har kamfanoni da dama ke ƙera kayayyakin gyara bisa awonta.

Abin da ake nufi da daidaito

Ana gwada bindiga ne da harbi uku ko biyar a wuri ɗaya, sannan a auna tazarar da ke tsakanin ramukan da suka fi nisa da juna. Ma'aunin da aka saba da shi shi ne minti ɗaya na kusurwa, wato kashi ɗaya cikin 60 na digiri, wanda ya yi daidai da kimanin santimita 2.9 a nisan mita 100. Bindigar da ke tara harbinta cikin wannan faɗin ko ƙasa da shi ita ake kira mai daidaito. Tazarar tana buɗewa gwargwadon nisa, ta yadda santimita 3 a mita 100 za ta zama kusan 15 a mita 500, kafin ma a lissafa iska. Masu sayarwa sun fi son gwajin harbi uku domin ya fi fitar da sakamako mai daɗin gani. Ƙwararru sun fi yarda da biyar ko goma.

Abubuwan da ake dubawa wajen zaɓe

Tambayar farko ita ce aikin da za a yi da ita, domin buƙatar mafarauci da ta mai gasa sun yi hannun riga. Mafarauci yini yake yi yana tafiya, harbinsa ɗaya ne ko biyu daga bututu mai sanyi, saboda haka yana neman bindiga mai nauyin kilo 3 zuwa 4. Mai harbi daga nesa yana kwance ko yana jingine da wani abu, yana harbi bi-da-bi, don haka ya fi son bututu mai kauri wanda ba ya saurin zafi, ko da nauyin bindigar zai ninka. Wadda aka ce ta haɗa aikin biyu yawanci tsaka-tsaki ce a kowanne.

Bututu shi ne ran bindigar. A cikinsa akwai murɗaɗɗun tsagogi da ke juya harsashi kamar katantanwar yara don kada ya yi adungure a iska. Dogon harsashi yana buƙatar murɗi mai sauri. Zagaye ɗaya a kowane inci 8 ya zama ruwan dare ga harsashi mai kaurin milimita 6.5, yayin da ɗaya a inci 10 zuwa 12 ke isar harsashin da ake kira .308, mai kaurin inci 0.308. Ana kuma son bututun ya kasance a sake, ba ya taɓa katakon da ke ƙarƙashinsa. Gwajin da aka saba yi mai sauƙi ne: a zura takarda tsakanin bututu da katako, idan ta wuce har gindi ba ta maƙale ba, to babu inda suke gogayya.

Nan ne yanayin wuri ke shigowa. Katako yana shan laima da damina ya kumbura, ya kuma ƙanƙance da hunturu, kuma a gari irin Kano inda bambancin lokutan biyu ke da yawa, saitin da aka daidaita a watan Agusta yana iya kaucewa kafin Janairu. Shi ya sa ake fifita jikin bindiga na roba mai ƙarfi ko na alminiyum, duk da cewa masu sha'awar tsohuwar ƙira ba sa ganin kyawunsa. Ƙurar hunturu ma tana haɗuwa da mai ta zama kamar yashi a cikin sakata, saboda haka akan rage shafa mai a wannan lokaci.

Kunama ya kamata ta saki ba tare da jan ƙafa ba. Ta gasa takan yi laushi ƙwarai, abin da ke da haɗari a daji.

Game da harsashi, .30-06 ya fito a 1906, .308 Winchester a 1952, kuma dukansu sun isa yawancin namun daji masu matsakaicin girma. Kamfanin Hornady ya fitar da 6.5 Creedmoor a 2007; ya karɓu a gasa saboda bai cika dukan kafaɗa ba kuma iska ba ta kaɗa shi sosai, sai dai yana cinye bututu da wuri fiye da .308. Ga ɓauna da makamantanta akan koma .375 na kamfanin Holland & Holland, wanda ya fito a 1912.

Madubin saiti sau da yawa yakan kai kuɗin bindigar ko ya fi. Ƙarfin jawo abu kusa ba shi ne komai ba, domin da rana tsaka a lokacin bazara kawalwalniya na sa abin da ake hange ya riƙa rawa, kuma ƙara ƙarfin madubin ƙara rawar yake yi. Abin da ya fi muhimmanci shi ne maɓallan gyaran saiti su riƙa motsawa daidai da abin da aka rubuta a jikinsu, tunda harsashin .308 yakan faɗi kimanin mita 10 ƙasa kafin ya kai yadi 1,000.

Saɓani

Mafarauta ba su yi ittifaƙi kan harbin dabba daga nesa mai yawa ba. Masu suka na cewa yana ƙara yawan dabbobin da ake raunatawa su gudu. Masu goyon baya na cewa ya danganta da ƙwarewar maharbi.

Matsayinta a dokar Najeriya

Dokar makamai ta 1959 ta kasa bindigogi gida uku. Masu ɗuri ta baki, irin na mafarautan gargajiya, kwamishinan 'yan sandan jiha ne ke ba da izininsu. Bindigar farauta ta zamani tana buƙatar lasisi daga Sufeto Janar na 'yan sanda. Kashi na uku, haramtattun makamai, sai da izinin Shugaban Ƙasa, kuma a cikinsa dokar ta lissafa bindigogin soja masu awon milimita 7.62 da milimita 9 da inci .300 da .303. Wannan ya shafi zaɓe kai tsaye, domin .308 da ya yaɗu ƙwarai a kasuwannin waje ɗan gidan 7.62 ne. A 2023 rundunar 'yan sanda ta sanar da dakatar da bayar da sabon lasisi. Farauta a gandun dajin Falgore da ke kudancin jihar Kano haramun ce, kuma dokar 1985 ta kare nau'o'in dabbobin da ke fuskantar ƙarewa. Farautar rani da aka sani a Kano da kewaye har yanzu ta karnuka ce da gora da adda da harba-ka-ruga.