Tausa mai rajista: me ya raba ta da tausar da aka saba?

Wane ne mai tausa mai rajista?

A Kanada aka fi jin wannan laƙabi, ana taƙaita sunansa na Turanci, Registered Massage Therapist, da haruffan RMT. A lardin Ontariyo, dokar 1991 ta sa tausa cikin sana'o'in kiwon lafiya, don haka ba mai kiran kansa da wannan suna sai wanda ya yi rajista da hukumar da ke sa ido kan masu sana'ar. Kafin ya kai nan sai ya yi karatu na kimanin sa'o'i 2,200 kan tsoka da ƙashi da jijiya da cututtuka, sannan ya ci jarrabawar rubutu da ta gwaji a aikace. Biritish Kolombiya ma na da irin wannan doka, amma wasu lardunan ba su da ita.

Me ake yi a zuwan farko?

Ba a fara da hannu. Za ka cike takardar tarihin lafiyarka, har da magungunan da kake sha da tiyatar da aka taɓa yi maka. Sai a gwada motsi. Idan wuya ne ya riƙe, za a ce ka juya kai dama da hagu, ka sunkuyar, a ga inda ya tsaya, a lalubo tsokar da ta ɗaure. Daga nan a gaya maka abin da za a yi, ka amince. A Ontariyo, wurare kamar ƙirji da ɗuwawu da cikin cinya sai da amincewarka a rubuce. Ana rufe jiki da zane, a buɗe wurin da ake aiki kawai. Zama ɗaya kan ɗauki minti 30 zuwa 90.

Wane ciwo take sauƙaƙawa?

Ta fi amfani ga ciwon ƙugu da riƙewar wuya da kafaɗa, irin wanda dogon zama a gaban kwamfuta ke jawowa, da ciwon kai da ke tasowa daga ɗaurewar tsokar ƙeya. Tana kwantar da hankali, wasu har barcinsu ya gyaru. Akwai kuma tausa mai laushi da ake yi wa matan da hannunsu ya kumbura bayan tiyatar sankarar mama. Sai dai a faɗi gaskiya, sauƙin na ɗan lokaci ne in ba a haɗa da motsa jiki da gyara zama ba. Maganar cewa tausa na fitar da guba daga jiki kuwa, ba ta da tushe.

Yaushe tausa ke zama haɗari?

Nan ne amfanin karatun yake. Idan sharaɓar ƙafa ɗaya ta kumbura, ta yi zafi, ta yi ja, tana iya zama gudan jini ne ya toshe jijiya. Matsa ta na iya ɓalle gudan ya bi jini ya maƙale a huhu, abin da kan kashe mutum. Ƙwararre zai janye hannunsa ya tura ka asibiti. Ba a tausa mai zazzaɓi, ba a taɓa karaya ko gyambo ko ƙurji, sabon targaɗe ma akan bar shi kwana 2 zuwa 3 kumburin ya sauka. Mai shan maganin tsinka jini irin su warfarin, matsi kaɗan ke sa jini ya kwanta masa a ƙarƙashin fata, tsohon da ƙashinsa ya yi rauni kuma haƙarƙarinsa na iya tsagewa. Mai juna biyu da cikinta ya tsufa, kwanciyar gefe ake sa ta yi, da matashi tsakanin gwiwoyi.

Jikina ya yi tsami bayan tausa, an yi kuskure ne?

Tsamin kwana ɗaya ko biyu ba komai ba ne. In ya wuce haka, ko hannu ya soma sagewa, ka gaya wa mai tausar, ka kuma ga likita.

Wa ke biyan kuɗin?

Inshorar gwamnatin Ontariyo ba ta biya. Yawanci inshorar wurin aiki ce ke mayar da kuɗin zuwa wani adadi a shekara, ita ma sai rasit ɗin na ɗauke da sunan mai tausar da lambar rajistarsa. Ana iya duba sunan a shafin intanet na hukumar kafin a je.