Tsarin Amfani da Ƙasa a Arewacin Kamaru

Tsarin amfani da ƙasa shi ne aikin da hukuma ke yi na fayyace inda za a yi noma, inda za a yi kiwo, inda za a bar wa namun daji, ta inda gari zai faɗaɗa, da hanyoyin ruwa da ba a yarda a yi gini a kansu ba. Manufarsa ita ce a ci amfanin ƙasa yau ba tare da an kashe ta ga 'yan baya ba. A arewacin Kamaru, wato jihohin Adamawa, Arewa da Arewa Mai Nisa, masu hedikwata a Ngaundere, Garwa da Marwa, aikin yana da wuyar sha'ani, domin fili ɗaya kan ciyar da masunci da makiyayi da manomi a shekara guda, kowa da lokacinsa.

Ruwan sama na raguwa yayin da aka nausa arewa: kimanin milimita 1,500 a shekara a tsaunin Adamawa, wajen 1,000 a Garwa, 800 a Marwa, ƙasa da haka a Kuseri. Shi ya sa shanu da mutane kan yi ta ƙaura daga wuri zuwa wuri.

Dokoki da masu iko

Dokokin filaye na 6 ga Yuli 1974 sun sanya duk filin da ba shi da takardar mallaka a ƙarƙashin kulawar gwamnati. Amma a ƙauye, wanda ke neman gona wurin jauro ko lawan, wato masu sarautar ƙauye, yake zuwa, kuma bakin lamiɗo ke yanke magana. Iko biyu ke nan a kan ƙasa guda, kuma baƙon da ya share daji ya noma shi shekaru yana iya wayar gari ba shi da hujja a kowane ɓangare. A 1978 aka fitar da dokar sasanta manoma da makiyaya, wadda ta ɗora wa wani kwamiti ƙarƙashin shugaban gunduma alhakin keɓe makiyaya da burtali. Sai a 6 ga Mayu 2011 aka samu dokar tsara ƙasa da ci gaba mai ɗorewa, wadda ta tanadi tsari na ƙasa baki ɗaya, na kowace jiha, da na ƙananan hukumomi. Majalisun jihohi, waɗanda aka fara zaɓa a Disamba 2020, suna da hannu a wannan aiki.

Fadamar Logon

Babu inda ya nuna amfanin tsari da illar rashinsa kamar fadamar kogin Logon, wadda Fulani ke kira yayre. Kowace damina ruwa kan malale ta, kifi ya hayayyafa, masuntan Musgum da Kotoko su kama. Idan ruwa ya janye sai ciyawa ta fito ɗanya shar, Fulani da Larabawan Shuwa su kwararo da shanu daga Kamaru, Najeriya, Nijar da Cadi su ci rani.

A 1979 aka gina madatsar Maga, mai tsawon kusan kilomita 27, domin kamfanin shinkafa na SEMRY ya samu ruwan ban ruwa. Shinkafa ta samu, amma ba a lissafa da waɗanda ke ƙasan madatsar ba. Ambaliyar da fadama ke rayuwa a kanta ta ragu, fari na shekarun 1980 ya ƙara dagula lamarin, ciyawa mai daɗewa ta mutu, kifi ya yi ƙaranci, namun gandun dajin Waza suka rasa mashaya. Sai a 1994, sannan a 1997, aka sake buɗe wasu rassan ruwa da aka toshe, kuma inda ruwan ya koma ciyawa da kifi sun farfaɗo. Kuskuren tun farko shi ne an ɗauki fadamar a matsayin filin da ba kowa, don kawai masu ita ba su da katanga a kanta.

Yau ma takaddama ba ta ƙare ba. Masunta na haƙa magudanai da ramuka don tare ruwa da kifi, su kafa raga a baki idan ruwa ya fara komawa kogi. Saniyar da ta gangara shan ruwa kan zurma cikin taɓo ta kasa fita, ko garke ya rushe gefen magudanar da aka sha wahalar haƙawa. Irin wannan ne ya haddasa faɗan Logon Birni a Agusta da Disamba 2021, wanda ya kai har Kuseri, aka rasa rayuka, dubun dubatar mutane suka tsallaka zuwa Cadi.

Kwarin Binuwai da filayen masakwa

A jihar Arewa matsin daga wani wajen yake. Tun shekarun 1970 gwamnati ta ƙarfafa wa mutanen duwatsun Mandara da filayen Arewa Mai Nisa su sauko kwarin Binuwai su yi noma. Kamfanin auduga na SODECOTON, wanda aka kafa a 1974, ya buɗe hanyoyi, aka kammala madatsar Lagdo a 1982, ƙauyuka suka tsiro inda da daji ne. A jihar ne kuma gandun dajin Binuwai, Faro da Buba Njida suke, kewaye da yankunan farauta da ake ba da haya, waɗanda gaba ɗaya suka cinye sama da kashi 40 cikin ɗari na faɗinta. Makiyayi ya tsinci kansa tsakanin gonar auduga da iyakar gandu, ga burtalin da kakansa ya bi an nome.

Kusa da Marwa kuwa, baƙar laka da ake kira karal ta zama zinariya. A watan Oktoba manomi kan huda ƙasa da sanda mai tsini, ya zuba ɗan ruwa, ya dasa masakwa, wata irin dawar rani, ta girma da laimar da ƙasa ta riƙe har girbi wajen Fabrairu. Hatsi ne mai ceton gida a shekarar da damina ta gaza, sai dai da yawan filayen nan mashaya da makiyayar rani ce a da. Inda aka zauna da manoma, makiyaya da sarakuna aka shata burtali, aka kafa masa turakun siminti, rigima kan lafa, muddin ana komawa duba shi bayan kowace damina. Hausawan Garwa da Marwa, dillalan shanu, mahauta da masu lambun albasa a bakin mayo (wato rafi), abin ya shafe su kai tsaye, don toshewar burtali a daji tana bayyana a farashin shanu a kara.

Garuruwa

Dokar tsara birane ta 2004 ta hana gini a wuraren da ambaliya ke ci. Duk da haka unguwanni sun bazu a gaɓar Mayo Kaliyawo a Marwa da bakin Logon a Kuseri da Yagwa, saboda can ne talaka ke iya sayen fuloti. Ambaliyar 2012, ta 2022 da ta 2024 sun rushe gidaje masu ɗimbin yawa a Arewa Mai Nisa, kuma ta 2024 ta karya gadar da ke haɗa unguwannin Yagwa.