Bandejin Gyara Mai Taurarewa: Ya Yi wa Ƙota, Bai Yi wa Ƙashi Ba

A aikina na malamin gona, ina yawan ganin kayan aiki jingine a lungu saboda 'yar tsagewa: ƙotar gatari, sandar shebur, bututun ban ruwa. A gatari da shebur, ƙarfen lafiyarsa lau, itacen ne kawai ya dare. Irin waɗannan ne bandejin gyara ke mayarwa bakin aiki, amma ina so mu san halinsa kafin mu kai masa hannu.

Shi dai saƙa ne na zaren gilashi da aka tsoma cikin wani irin ƙaro mai suna foliyuretan, aka garƙame a leda don kada iska ta shiga. Ruwa ne ke tayar da shi. Da ya jiƙe sai ya ɗauki ɗumi, kafin ka ankara ya sandare kamar dutse. Ko danshin iska ya isa ya taurara shi, shi ya sa ba a farke ledar sai an gama shiri, kuma wanda ya yi saura ba ya kwana.

A wajen shirin nan ne yawancin mutane ke yin sakaci, daga baya su ce kayan ba shi da kyau. Ka wanke wurin, ka cire maiƙo da tsatsa, ka kankare shi da samfefa har ya yi kaushi, domin ƙaron ba ya kama wuri mai santsi. Ka haɗa bakin tsagar ta zauna daidai. In bututun ruwa ne, ka kashe ruwan tukuna, ka toshe hujin da ƙullin ifoksi, wato wani gam mai kauri da ke taurarewa. Sannan ka sa safar hannu, ka tsoma bandejin a ruwa na 'yan daƙiƙu, ka soma naɗi tun daga sashen da ke da lafiya, kana ja da ƙarfi, kowane zagaye yana hawa rabin na bayansa, har ka zarce tsagar ta ɗaya gefen. Ka ninka shi sau da yawa, ka riƙa murza shi da jiƙaƙƙen hannu don ƙaron ya cike ƙofofin saƙar. Mintuna kaɗan ne gare ka, kuma ruwan ɗumi yana ƙara masa sauri. Ko ya yi tauri, ka ba shi lokacin da aka rubuta a jikin ledar kafin ka ɗora masa aiki.

Batun safar hannu ba ado ba ne. Ƙaron yana ɗauke da sinadarin isosayanet, mai sa ƙaiƙayi da borin fata, yana kuma iya tayar wa mai asma ciwonsa. A yi aikin inda iska ke shiga. In ya taɓa fata a goge nan take, don in ya bushe sai dai ya ɓare da kansa bayan kwanaki. Mai son goge naɗin da samfefa bayan ya taurare ya sa takunkumi saboda ƙurar gilashin.

Akwai wuraren da ba na yarda a kai shi ko kusa: bututun iskar gas, na birkin mota ko babur, tsani, hular kwano, wayar lantarki. Naɗin zai rufe tsagar ido ya daina ganinta, alhali tana nan tana ci a ƙasa, ranar da za ta buɗe kuwa rai ne a kai. Haka ma tankin feshin maganin ƙwari: in ya tsage a canza shi, domin gubar da ke tsatsafowa a bayan mai goyonsa take sauka.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne kamanninsa da bandejin da ake ɗaure karaya da shi a asibiti. Don Allah kada wanda ya naɗa wa mutum ko dabba. A asibiti ana duba ƙashin, a daidaita shi, a shimfiɗa auduga, a bar wa kumburi wuri. Wannan kuwa zai liƙe wa fata, zafinsa ya ƙone ta, hannu ya kumbura a cikin abin da ba ya saki, jini ya tsaya. In an riga an yi, kuma yatsu suka soma sanyi, ko canza launi, ko mutum ya ji kamar ba nasa ba, a garzaya da shi asibiti a lokacin, kada a jira gari ya waye.