Ƙiyasta Kuɗin da Jama'a Za Su Biya don Kare Halittun Teku

Wannan hanya ce da masana tattalin arziki ke bi su sa wa abin da ba ya shiga kasuwa farashi, kamar kunkurun teku ko tsuntsayen gaɓa da ke gab da ƙarewa. Kifin da ake ci yana da kuɗinsa a bakin ruwa. Dabbar da ba a ci kuma ba a sayarwa, sai dai a je a tambayi mutane: nawa za ka yarda ka biya don kada ta ƙare? Daga amsoshin 'yan gidajen da aka zaɓa ake lissafo na ƙasa baki ɗaya.

Asali

Masanin tattalin arziki S. V. Ciriacy-Wantrup ne ya kawo shawarar a 1947, Robert Davis kuma ya gwada ta a 1963 a kan dazuzzukan jihar Maine ta Amurka. A 1967 John Krutilla ya kafa hujjar da ta zama ginshiƙin fannin: mutum na iya daraja abu don kawai yana nan, ko da ba zai taɓa ganinsa ba.

Hatsarin Exxon Valdez

Abin da ya fito da hanyar daga jami'o'i zuwa gaban shari'a shi ne hatsarin jirgin dakon mai na Exxon Valdez a ranar 24 ga Maris, 1989, a mashigin Prince William na jihar Alaska ta Amurka. Ɗanyen mai kusan galan miliyan 11 ya malale. An ƙiyasta mutuwar tsuntsayen teku 250,000, karnukan ruwa 2,800, da manyan dabbobin teku da ake kira orka har 22. Asarar masunta ana iya lissafa ta. Amma wa zai biya diyyar tsuntsun da ba na kowa ba?

Gwamnatin Alaska ta ɗauki ayarin masana ƙarƙashin Richard Carson. Suka bi gidaje sama da dubu a faɗin Amurka, suna nuna hotuna da taswira, suna bayyana wani shiri na jiragen rakiya da za su riƙa raka jiragen mai don hana maimaituwar hatsarin. Sai a tambayi mai gida ko zai amince da harajin da za a biya sau ɗaya, dala 10, ko 30, ko 60, ko 120. Matsakaicin abin da gida ya yarda da shi ya kama dala 31, jimillar na duk gidajen Amurka kuwa dala biliyan 2.8. Kamfanin Exxon, mai jirgin, ya sasanta da gwamnati a 1991 a kan kusan dala biliyan ɗaya.

Suka da gyara

Masu suka sun ce alkawarin baki ba kuɗi ba ne, kuma suna da hujja mai ƙarfi. A wani bincike na William Desvousges da abokan aikinsa, an tambayi rukuni uku nawa za su biya a ceci tsuntsaye 2,000, ko 20,000, ko 200,000 daga ramukan mai. Amsoshin suka fito dala 80, 78 da 88. Ke nan yawan tsuntsayen bai dami masu amsa ba. Daniel Kahneman da Jack Knetsch sun ce abin da mutum ke saye a irin wannan tambaya shi ne jin daɗin ya yi alheri.

Hukumar kula da teku da yanayi ta Amurka, NOAA, ta kafa kwamiti ƙarƙashin Kenneth Arrow da Robert Solow, dukansu masu kyautar Nobel. Rahotonsu na 1993 ya amince da hanyar bisa sharuɗɗa: a yi hira ido da ido, tambaya ta zama ta "e" ko "a'a" kamar ƙuri'ar raba gardama, a kuma tuna wa mai amsa cewa kuɗin zai rage masa na wasu buƙatu.

Akwai matsalar da sharuɗɗan ba su warware ba. Abin da mutum zai biya yana bin nauyin aljihunsa, don haka dabba iri ɗaya kan fi "tsada" a ƙasar masu hali. Manyan dabbobi masu ban sha'awa kuma sukan fi samun kuɗi a kan ƙananan halittun da ba a sani ba, ko da su ne suka fi kusa da ƙarewa.

Duk da haka ana ci gaba da amfani da ita. Bayan malalar man rijiyar da dandalin haƙar mai na Deepwater Horizon ke haƙa a Tekun Meziko a 2010, binciken da aka wallafa a mujallar Science a 2017 ya ƙiyasta ɓarnar a kan dala biliyan 17.2.