Hoton eko wajen auna kumburin gaɓoɓin ƙafa

Hoton eko na ƙafa hanya ce ta duba cikin gaɓoɓi da sautin da ya fi ƙarfin jin kunnen ɗan Adam, domin a gane ko tantanin da ke lulluɓe da gaɓa ya kumbura. An fi amfani da shi ga masu amosanin gaɓɓai mai kumburi, cutar da likitoci a Nijar ke kira poliyartirit da Faransanci. A Damagaram idan aka ce "eko", awon ciki ne ke fara zuwa zuciyar mutane, amma na'urar da ke nuna kwanciyar jariri tana iya nuna gindin ɗan yatsa idan aka sauya mata kai, wato ɓangaren da ake ɗorawa a kan fata.

Cutar

Garkuwar jiki ce ke juyowa ta afka wa tantanin gaɓa, ya yi kauri, ya tara ruwa, sannu a hankali ya riƙa cin guringuntsi da ƙashi. Likitan Faransa Landré-Beauvais ne ya fara bayyana ta a 1800. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum miliyan 18 ne ke da ita a 2019, kusan kashi 70 cikin ɗari mata. A bakin jama'a duk sunanta "sanyin ƙashi", tare da ciwon tsufa da sauransu, kuma wannan haɗa su a kwando ɗaya na cikin abin da ke sa a makara zuwa asibiti.

Dalilin duba ƙafa

Ma'aunin da aka fi sani na tsananin cutar, DAS28, yana ƙirga gaɓoɓi 28: kafaɗu, gwiwar hannu, wuyan hannu, yatsun hannu da gwiwoyi. Babu idon sawu a ciki, babu yatsun ƙafa. Saboda haka takarda na iya cewa cuta ta lafa, alhali maras lafiya na taka ƙasa da safe kamar mai tafiya kan tsakuwa, ko kuma zaman tahiya ya gagare ta don yatsu sun ƙi lanƙwasuwa. Ga shi kuwa gaɓoɓin gindin yatsun ƙafa na cikin wuraren da cutar ke fara taɓawa, kuma gindin ƙaramin yatsa sau da yawa shi ne inda zaizayar ƙashi ke fara bayyana.

Lalube da hannu ba ya wadatarwa a nan. Gaɓoɓin ƙanana ne, a matse suke, ga kaushi da kauri a ƙafar wanda ya saba yini a tsaye ko doguwar tafiya da silifa. Hoton radiyo kuwa ƙashi yake nunawa, sai ɓarna ta riga ta auku.

Yadda ake yi

Maras lafiya zai kwanta rigingine, ya tanƙwara gwiwa, tafin ƙafa a kan gado. Ana amfani da miƙaƙƙen kai mai saurin kaɗawa, wajen megahaz (ma'aunin saurin kaɗawar sauti) 10 zuwa 18. Kan nan mai lanƙwasa na awon ciki, mai kimanin megahaz 3 zuwa 5, an yi shi ne don hango nesa, ba ya fito da abin da ke dab da fata. Ana lafta man jel da yawa a bayan ƙafa, a bi gaɓoɓin ɗaya bayan ɗaya, a tsaye da a gicciye. Lalle ba ya hana hoto fita.

A hoton fari da baƙi, ƙashi farin layi ne, tantanin da ya kumbura kuma duhu ne a kansa. Idan aka danna ya gudu, ruwa ne. Idan ya tsaya, kaurin tantani ne. Sai a kunna Dofla, fasahar da ta samo suna daga Christian Doppler, wanda ya bayyana tushenta a 1842. Ita ce ke nuna gudun jini da launi, kuma launi a cikin tantani alama ce ta kumburin da ke ci yanzu. Ana ba kaurin tantani da launin, kowanne, maki daga 0 zuwa 3, bisa tsarin da ƙungiyoyin masana ciwon gaɓɓai, EULAR da OMERACT, suka daidaita a 2017. Zaizaya ba ta tabbata sai an ga gurbin a fuskoki biyu da suka gicce juna. Akan duba har jijiyar da ke bi ta bayan idon sawu ta ciki, wadda lalacewarta ke sa tafin ƙafa ya baje.

Inda ake kuskure

Hannun mai aiki shi ne rabin sakamako. Danna kai da ƙarfi na matse ƙananan hanyoyin jini, launin ya ɓace, a rubuta lafiya lau. Sanyi ma haka yake yi, don haka da safiyar hunturu ya kyautu a bar ƙafa ta ɗumama kafin a fara. A ɗaya ɓangaren, ɗan ruwa ko ɗan kauri a gindin babban yatsa da na kusa da shi abu ne da ake gani ko ga masu lafiya. Babban yatsa kuma gidan ciwon gawut ne (wani ciwon gaɓa da taruwar gishirin sinadari ke haddasawa) da na tsufan gaɓa, shi ya sa ƙa'idojin tantance cutar na 2010 suka cire shi daga lissafi, suka bar sauran huɗun.

Ba a yanke hukunci da eko shi kaɗai; sai an haɗa da labarin maras lafiya da gwajin jini. Bincike biyu da aka wallafa a 2016, ARCTIC a Norway da TaSER a Sikotland, sun nuna cewa ƙara magani bisa eko a kowane zuwa bai fi kyakkyawan awon likita amfani ba. Inda eko ya fi biyan buƙata shi ne lokacin shakka: a farkon cuta, ko ga wanda yake shan metotirezat, maganin wannan cuta, hannuwansa sun yi sauƙi amma ƙafa na kuka, ko wajen saita allura cikin ƙaramar gaɓa.