Tafkin Powell: Yawon Jirgin Ruwa a Cikin Hamada da Gardamar Tsiyaye Ruwansa

A kan iyakar jihohin Yuta da Arizona, a kudu maso yammacin Amurka, akwai wani makeken tafki mai suna Powell a tsakiyar jajayen duwatsu, inda ruwan sama bai taka kara ya karya ba. Miliyoyin mutane ne ke zuwa can shaƙatawa kowace shekara. Wasu kuma sun shafe shekaru suna kira da a buɗe madatsar da ta tare ruwan a bar kogin Kolorado ya kama hanyarsa. Ga tambayoyin da aka fi yi a kan lamarin.

Ta yaya aka yi tafki ya samu a hamada?

Gina shi aka yi. Kogin Kolorado na tasowa ne daga tsaunukan Rocky, inda dusar ƙanƙara ke taruwa da hunturu, ta narke a watannin Mayu da Yuni ta gangaro. A 1956 gwamnatin tarayya ta fara gina madatsar Glen Canyon, mai tsayin mita 216, aka rufe ƙofofinta a 1963. Sai da ruwa ya yi shekara 17 yana taruwa kafin tafkin ya cika a 1980. In ya cika maƙil, tsawonsa ya kusa kilomita 300, kuma yana ɗaukar ruwa wajen kubik mita biliyan 30, wato kusan ninki biyu na tafkin Kainji. A duk Amurka tafkin Mead ne kaɗai, wanda ke ƙasa da shi a kan wannan kogi, ya fi shi ɗaukar ruwa. An sa masa sunan John Wesley Powell, tsohon soja mai hannu ɗaya da ya ratsa kwazazzaban kogin a kwale-kwalen katako a 1869.

Me ke jan masu jiragen ruwa zuwa wurin?

Siffarsa. Ruwan bai shimfiɗu a fili ba, cikin kwazazzabo ya kwanta, ya kutsa kowane lungu da saƙo, har gaɓarsa ta zarce kilomita 3,000. Mutum zai bar babban ruwa ya shiga wani reshe, bangon dutse dama da hagu yana ta matsowa, har ya kai inda jirgin ba ya iya juyawa sai da baya-baya.

Abin da tafkin ya fi shahara da shi shi ne jirgi mai ɗakuna: gida ne sosai a kan ruwa, da ɗakunan kwana da madafi da makewayi da janareta. Iyali ko abokai su haɗa kuɗi su yi hayarsa na mako guda a tashar Wahweap ko Bullfrog ko Antelope Point, su ɗaura ƙaramin jirgi mai gudu a bayansa, su nemi gaɓa mai yashi su kafa hancin jirgin, su haƙa rami su binne ƙugiya. Daga nan sai iyo da kamun kifi da kwana a rufin jirgi. Da yawa kan nufi Rainbow Bridge, wani dutse mai siffar bakan gizo, tsayinsa kusan mita 88, wanda ƙabilar Navajo ke ɗauka wuri mai tsarki. Kafin a yi tafkin, sai an sha doguwar tafiya a ƙasa ko a kan doki ake isa wurin. Jirgi ya mayar da ita tafiyar yini guda, kuma ba duk 'yan Navajo ne suka yi murna da wannan sauƙi ba.

Akwai haɗari a yawon?

Ƙwarai. Iska kan taso da rana tsaka ta tada igiyar ruwa, ga shi a wurare da dama ba gaɓar da za a raɓa, sai bangon dutse a miƙe. A ƙarshen bazara ruwan sama kan sauka can nesa inda ba a gani, ambaliya ta biyo ƙaramin kwazazzabo ba sallama. Tsayin ruwan ma ba ya zama wuri ɗaya, dutsen da jirgi ya wuce ta kansa lafiya bara, bana shi zai fasa masa ciki. Wanda ya fi ban takaici shi ne hayaƙin janareta mai guba, marar wari, da ke taruwa a ƙarƙashin dandamalin bayan jirgi inda yara ke son yin iyo. Ya ci rayuka a tafkin, har binciken da aka yi wajen shekarar 2000 ya sa aka tilasta gyara mafitar hayaƙi a irin waɗannan jirage. Akwai kuma wata ƙaramar halitta mai ɓawo, baƙuwa a yankin, da ta mamaye tafkin tana manne wa jirgi da bututu, shi ya sa ake duba jirgi a wanke shi kafin a kai shi wani ruwa.

To wuri mai kyau haka, me zai sa a ce a tsiyaye shi?

Saboda abin da ke ƙarƙashinsa. Waɗanda suka san kwazazzabon Glen Canyon kafin ruwa ya rufe shi sun ce yana cikin wurare mafi kyau a kogin baki ɗaya: koramu, inuwar itatuwa, kogunan dutse, da kufai da zane-zanen mutanen da suka zauna can ɗaruruwan shekaru da suka wuce.

A shekarun 1950 ƙungiyar kare muhalli ta Sierra Club, ƙarƙashin David Brower, ta yaƙi wata madatsa da aka so ginawa a Echo Park, ta yi nasara, amma ta kau da kai daga ta Glen Canyon. Da Brower ya shiga kwazazzabon daga baya ya ga abin da za a nutsar, ya yi ta cizon yatsa har ƙarshen rayuwarsa. A 1981 'yan wata ƙungiyar kare muhalli, Earth First!, suka warware wata doguwar baƙar leda daga saman madatsar, daga nesa sai ka rantse bangon ne ya tsage. A 1996 wani likita, Richard Ingebretsen, ya kafa Glen Canyon Institute don neman a maido da kogin, a shekarar kuma shugabannin Sierra Club suka goyi bayan tsiyaye tafkin. Majalisar dokoki ta saurari batun a 1997, akasarin 'yan majalisar yankin suka yi masa ca.

Hujjojinsu ba na kewar wuri ba ne kawai. Rana tana shanye ruwa mai yawa daga fuskar tafkin, wani kuma yana tsuma cikin dutsen yashi. Lakar da kogin ke ɗauka a da zuwa Grand Canyon, babban kwazazzabon da ke ƙasa da madatsar, yanzu a tafkin take kwanciya: ta ci kusan kashi 7 cikin 100 na cikinsa tsakanin 1963 da 2018, yayin da gaɓoɓin yashi na can ƙasa ke zaizayewa. Ruwan da ke fita daga madatsar kuma mai sanyi ne, garai-garai, alhali kifayen asalin kogin da ruwan ɗumi mai laka suka saba.

Masu son a bar shi fa, me suke cewa?

Hujjarsu mafi ƙarfi ba ta yawon jirgi ba ce, ta rabon ruwa ce. A 1922 jihohi bakwai suka raba kogin gida biyu: na sama, wato Kolorado da Yuta da Wyoming da New Mexico, da na ƙasa, wato Kaliforniya da Arizona da Nevada. Na sama suka ɗauki alkawarin ba za su bari ruwan da ke wucewa ta Lee Ferry, inda aka raba kogin biyu, ya gaza wani adadi a kowace shekara goma ba. Tafkin Powell, wanda ke gab da wannan wuri, shi ne rumbun da suke cika alkawarin da shi a shekarar fari. Mutum wajen miliyan 40 ke dogaro da kogin, har da Meziko da ke da nata kason tun yarjejeniyar 1944.

Sai lantarki: injina takwas masu ƙarfin megawat 1,320, da ake sayar wa ƙananan garuruwa da ƙungiyoyin karkara da ƙabilun asali da rahusa. Sai garin Page, wanda aka kafa a 1957 don ma'aikatan madatsar. Ruwan shansa daga tafkin yake, cinikinsa daga baƙi yake. Wanda abincinsa ke kan hayar jirgi ba zai saurari zancen maido da kwazazzabo da sanyin rai ba, kuma ba a ga laifinsa ba.

Mece ce shawarar a fara cika Mead?

Tunda ruwan da ke akwai bai isa ya cika tafkunan biyu ba, masu wannan ra'ayi suka ce a tara shi a Mead, a bar Powell sai shekarar da ruwa ya yi ambaliya. A cewarsu fuska ɗaya da rana za ta sha ta fi biyu. Sai dai nazarin da Jack Schmidt na Jami'ar Jihar Yuta ya jagoranta a 2016 ya nuna ribar ruwan ba lallai ta kai yadda ake faɗa ba, domin Mead ya fi zafi, in ya faɗaɗa shi ma rana za ta ƙara sha. A ganina wannan ita ce hujjar masu tsiyayewa mafi rauni, duk da ita suka fi yawan ɗagawa.

Ina aka kwana yanzu?

Fari ya shiga gardamar ba tare da an gayyace shi ba. A 1999 tafkin ya kusa cika. Tun daga 2000 ruwan kogin ya ragu da kusan kashi ɗaya cikin biyar idan aka gwada da ƙarnin da ya wuce, ga shi dama rabon 1922 an yi shi ne bisa lissafin shekarun da ruwa ya yi yawa. A farkon 2023 tafkin ya sauka zuwa kashi 22 cikin 100. Farin zobe ya bayyana a jikin jan dutse, shaidar inda ruwa yake a da. Tashar Hite ta daɗe da zama busasshiyar laka, aka rufe tashar Dangling Rope, gangaren kankare da ake sauke jirage suka ƙare a kan tudu, aka yi ta ƙara musu tsawo ana bin ruwa. A gefe guda kuma wuraren da aka yi wa makoki suka fara fitowa, irin su Cathedral in the Desert, itatuwa suka sake tsirowa a rassan kwazazzabon. Abin dariya, yawancin masu zuwa kallon waɗannan wurare da jirgi suke zuwa.

In ruwan ya ci gaba da sauka, ba shi ke nan ya tsiyaye da kansa ba?

A'a, kuma nan ne gizo ke saƙar. Madatsar kamar randa ce da aka huda wa famfo a tsakiya maimakon gindi. Cikar tafkin tana mita 1,128 sama da teku. In ya sauka ƙasa da mita 1,064, injinan lantarki sun tsaya, kuma a 2023 saura kamar mita 9 a kai nan. Daga nan sai bututu huɗu na ƙasa, waɗanda ba a yi su don aiki dare da rana shekara da shekaru ba, kuma a 2024 hukumar da ke kula da madatsar ta sanar cewa ta ga lalacewa a cikinsu. A mita 1,027 su ma sun daina zuba, alhali akwai sauran ruwa mai zurfin fiye da mita 70 a bayan bango, ba hanyar fita. A ranar mai jirgi ba shi da tafkin kirki, mai son kogi bai samu kogi ba, Grand Canyon da gonakin Arizona da Kaliforniya kuma sai abin da ya shigo a lokacin.

Shi ya sa maganar huda sababbin ramuka ta cikin dutsen gefen madatsar, daidai da gindin kogi, ta daina zama zancen 'yan tsiraru. Floyd Dominy, wanda ya shugabanci hukumar daga 1959 zuwa 1969, kuma ba wanda ya kai shi alfahari da tafkin, shi da kansa ya zana wa Ingebretsen yadda za a yi wannan aiki a kan 'yar takardar goge baki a 1997. A 'yan shekarun nan hukumar ta fara nazarin gyare-gyare irin wannan, har wasu manyan manoman Kaliforniya sun nemi a duba batun da gaske. Ramin ba zai tilasta a tsiyaye tafkin ba, zai dai sa a iya sakin ruwa komai ƙanƙantarsa. Ƙa'idojin 2007 da ake tafiyar da Powell da Mead a kansu wa'adinsu ƙarshen 2026 ne, kuma abin da jihohin sama da na ƙasa suka fi ja-in-ja a kai shi ne wa zai rage shan ruwa, da kuma nawa.